Akwatin Ma Inji Ne: Nasiha ga Matasa Masu Haɗa Na'ura a Rijiyar Zaki

Ƙannena maza da mata na Rijiyar Zaki da Rimin Gata da sauran unguwannin da suka yi layi a kan titin Gwarzo, ku da kuke haɗa ƙananan injuna a zaure ko a bayan shagon yayyenku, ina da magana da ku a kan abin da kuka fi rainawa a aikinku, wato akwatin da ake zuba kayan lantarkin a ciki. Ayyukanku suna faranta mini rai ƙwarai. Wannan ya haɗa injin sassaƙa katako da kwamfuta ke sarrafawa, wancan ya mayar da tsohon firji injin ƙyanƙyasar ƙwai, waccan ta haɗa abin da zai kunna famfon rijiyar burtsatse ya kuma kashe shi idan tanki ya cika. Sai dai hali ɗaya ya zama ruwan dare a tsakaninku. Kukan kwashe watanni kuna fama da moto da lissafi da manhaja, ranar da injin ya motsa kuwa sai a tarar da allon da ke ba shi umarni yashe a kan benci, wayoyi a warwatse, ko an cusa shi a kwalin taliya. In an yi magana ku ce, "Akwati ai daga baya." Injuna da yawa ba sa kaiwa wannan lokacin da ransu.

Kayan nan da kuke wasa da su ba su daɗe da shigowa hannun talaka ba. A 2005 aka fito da allon Arduino a garin Ivrea na Italiya, domin ɗalibai su samu abin gwaji mai araha. A 2009 wani ɗan ƙasar Norway, Simen Svale Skogsrud, ya saki manhajar Grbl kyauta, ita ce take mayar da ɗan ƙaramin allon ya zama mai tuƙa injin sassaƙa. Firintar 3D mai narkar da zaren roba ta fi su tsufa, don tun 1989 Scott Crump na kamfanin Stratasys ya nemi rajistar mallakar fasahar, amma sai da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 farashi ya faɗo. Kafin nan, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, firintar da ke buga sassan 'yar'uwarta, ya kuma bar zanen a buɗe ga kowa. A nan Afirka ta Yamma, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa tasa firintar a cibiyar WoeLab da ke Lome daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da na'urorin ofis. Ku kuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero na nan a maƙwabtanku. Babu wanda zai ce muku abin ya fi ƙarfinku.

To amma sauƙin nan ya zo da tarkonsa. Intanet cike take da zanen akwatuna da wasu suka riga suka gama, sai dai ka sauke ka buga. Akasarin masu zanen suna aiki ne a ɗakin da zafinsa bai cika wuce digiri 22 ba, babu ƙura, wuta ba ta ƙiftawa. Sun zana wa garinsu, kuma sun yi daidai. Kai ma garinka za ka zana wa. Ka duba nasu ka koyi dabara, ka ɗauki ma'aunin ramuka in ya yi daidai da allonka, amma tambayoyin da akwatinka zai amsa na Kano ne: zafin bazara, ƙurar hunturu, laimar Agusta, ƙwari, da hannun yaron da zai zo yana leƙe.

Mu fara da zafi, don shi ne babba. Zaren da ya fi yawa a hannun masu firinta shi ne PLA, saboda ya fi sauƙin bugawa kuma yana fita sumul. Aibinsa ɗaya, yana fara laushi tun daga wajen digiri 60. Za ku ce ina mu ina 60? Ku yi lissafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40 a inuwa. Shago mai rufin kwano ba silin ya fi waje zafi da azahar. Sannan kayan da ke cikin akwatin su ma suna fitar da nasu. Ɗauki na'urar rage wuta mai ba da bolt 24 da amfiya 10, wato wat 240. In ingancinta kashi 85 cikin ɗari ne, to idan tana aiki da dukkan ƙarfinta kimanin wat 40 ne ke zama zafi, kamar ka kunna ƙwan fitila irin na da ka rufe shi a cikin kwano. Ƙara zafin direbobin moto, wato ƙananan allunan da ke tura wa moto wuta, a kai. Akwatin PLA ba zai narke ya tsiyaye ba, a hankali zai saki jiki. Murfi ya karkace, ramin sukuru ya buɗe, ƙafafun da suka ɗauki allo su sunkuya har dalmar ƙasansa ta taɓa abin da bai kamata ba.

Shi ya sa nake ba ku shawarar PETG, wanda ke jurewa har wajen digiri 80, kuma firinta irin Ender 3 tana buga shi ba wahala in an ɗaga zafin bakinta zuwa 230 ko 240. ABS ya fi shi juriya, yana kaiwa sama da 100, amma yana ƙanƙancewa idan yana hucewa, kusurwoyinsa su ɗago daga faranti, ga shi yana fitar da hayaƙin da bai dace a shaƙa a rufaffen ɗaki ba. In akwatin a waje zai zauna, kamar na famfon gona, ASA ne ya fi jure hasken rana. Ku kuma bar son baƙi. Na san ya fi kama da na kanti, amma baƙar roba a rana zafi take sha. Fari ko toka-toka ya fi muku.

Ko da akwatin bai motsa ba, abin da ke ciki yana jin jiki. Masu ƙera kafasita suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanan kafasita mai ruwa. Direban moto irin A4988, da zarar wutar da yake turawa ta haura amfiya ɗaya, sai da ƙarfen sanyaya da iska. In ya yi zafi ainun yakan kashe kansa na ɗan lokaci don kada ya ƙone, moto ya tsallake taku, zanen da ake sassaƙawa a ƙofar mutane ya goce. Mai injin ya kwana yana binciken manhaja, alhali iska ce ba ta kai wurin ba. Don haka kafin ka buɗe kwamfuta, ɗauki fensir ka zana hanyar iska: ta ina za ta shiga, kan me za ta bi, ta ina za ta fita. Mashiga a ƙasa, mafita a sama, tunda iska mai zafi hawa take yi. Direbobi su tsaya a tsakiyar hanyar, kada damin wayoyi ya tare su. Fanka da aka liƙa a gefe, iskarta na shiga ta nan tana fita ta ramin da ke kusa ba ta taɓa komai ba, ƙara kawai take yi.

A nan ne wahalar zanen take, kuma a nan nake so ku daɗe kuna tunani. Zafi yana so a huda akwati, ƙura tana so a toshe shi. Ƙurarmu kuwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, mai laushin da ke ratsa duk wata kafa. Akwai jar ƙasar layukan da ba a zuba wa kwalta ba. Da kaka akwai ƙaiƙayi daga gonakin gero da dawa da suka rage a tsakanin sababbin gidaje. Ga kuma wadda injin da kansa yake tayarwa, garin katako, ko ɓurɓushin alminiyon in ƙarfe ake yanka, wanda shi kai tsaye yake haɗa wuta. Ƙura tana cutarwa sau biyu. Da rani ta lulluɓe ƙarfen sanyaya ta hana shi aiki, da damina ta sha laima ta zama hanyar da wuta ke bi tsakanin ƙafafun da bai kamata su gaisa ba, ta kuma jawo tsatsa.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce fanka ta riƙa tura iska ciki ta bayan matata, maimakon ta zuƙo ta waje. In fanka zuƙowa take yi, iska za ta shigo ta kowace tsaga da kowane ramin waya, da ƙurarta. In turawa take yi, cikin akwatin ya fi waje matsi kaɗan, kowace tsaga fitar da iska take yi, ƙofar shiga ɗaya ce tak, kuma ka sa mata mai gadi. Matatar ba sai an yi odarta ba. Soson filtar babur da ake samu wurin kowane mai sayar da kayan gyara ya isa, a yanka daidai faɗin fankar. Abin da za ka zana da kulawa shi ne maƙalinsa: ya zama ana zare shi da hannu, ba sukuddireba, a kakkaɓe ko a wanke a shanya a mayar. Matatar da sai an kwance sukuru huɗu kafin a kai gare ta, ba wanda zai taɓa wanke ta, kuma toshasshiyar matata ta fi rashinta illa.

Ƙananan na'urori da ba sa cin wuta sosai, irin mai auna ɗumin injin ƙyanƙyasa ko mai kula da tanki, ba sa bukatar fanka ko kaɗan. Rufe su ruf, in akwai abin da ke ɗan ɗumi ka ɗaure shi a jikin farantin alminiyon, farantin ya zama bango ɗaya na akwatin. Kada kuma ka sa allon a cikin ɗakin ƙwan, inda ake riƙe ɗumi wajen digiri 37.5 da laima mai yawa har kwana 21. Ma'aunin kaɗai zai shiga, allon ya tsaya a waje. Za ku ga ana rubuta IP54 ko IP65 a jikin akwatunan kanti. Lambar farko ta ƙura ce, 5 na nufin kaɗan ce ke shiga, 6 na nufin ba ta shiga sam, ta biyun kuma ta ruwa ce. Kada ka rubuta irin wannan a jikin naka, don gwaji ake yi kafin a ba da lambar, kuma abin da aka buga shimfiɗa bisa shimfiɗa ruwa yana iya tsatsafowa ta tsakaninsu. Na waje a yi masa rumfa, wayoyi su shigo ta ƙasa.

Akwai kuma baƙin da masu zanen da ke intanet ba su cika tunawa da su ba. Tsaka tana son ɗumi da duhu, in ta kwanta a kan hanyar wuta ta mutu ta tafi da allon. Kyankyaso da tururuwa haka. Zanzaro yana samun rami ya yi gininsa na laka. Ɓera kuma waya yake ci. Duk wata kafar iska a sa mata ragar sauro ta ƙarfe daga ciki, duk ramin waya a sa masa zoben roba mai zare wanda ke shaƙe wayar. Zoben nan yana da amfani na biyu: in wani ya yi tuntuɓe da waya, shi zai ɗauki fizgar, ba dalmar da ke kan allo ba.

Yanzu ga maganar da ba na son ku ɗauke ta da wasa. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa. Zaren da kuke bugawa da shi, in ba wanda aka yi musamman aka rubuta masa UL 94 V-0 ba, yana kamawa da wuta kuma yana ɗiga yana ci. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu bayanin gobara, waɗanda suka ga abin da ya samu kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba su manta ba. Ra'ayina shi ne duk abin da ke ɗauke da wutar gida, da na'urar rage wuta, da makunni, da fis, ya zauna a akwatin ƙarfe da aka ɗaure wa wayar ƙasa da noti. Robar da ka buga ta ɗauki ɓangaren bolt 5 da 12 da 24. In dole su zauna wuri ɗaya, a raba su da bango, a rufe bakin kowace waya yadda yatsa ba zai kai ba, kuma yatsan ƙaninka ɗan shekara uku za ka auna, ba naka ba. Fis ya zama shi ne abu na farko da wuta ke tararwa. Injin da ke da ruwan wuƙa ko baki mai juyawa kuma dole ya samu maɓallin tsayawar gaggawa, ja mai faɗin kai a kan rawaya, a inda tafin hannu zai same shi ba tare da an duba ba. Ya yanke wutar moto kai tsaye. Kada ka bar wannan aikin a hannun manhaja, don ranar da ake bukatarsa wataƙila manhajar ce ta rikice.

Ƙarfe yana da wata fa'ida da roba ba ta da ita. Moto mai juya bakin sassaƙa yana watsa hayaniyar lantarki, roba kuwa ba ta tare ta. Alamarta ita ce inji ya tsaya haka kawai yana cewa ya kai iyaka, ko kwamfuta ta rabu da allo ana tsakiyar aiki. Ka raba hanyar wayoyin moto da ta wayoyin saƙo tun a zane, waɗannan ta hagu, waɗancan ta dama, in za su haɗu su gitta juna, kada su jera. Mahaɗin wayar moto kuma ya zama mai kulle, irin GX16 mai zare, domin zare wayar moto alhali da wuta yana iya kashe direba nan take.

Sai a zo ga zanen kansa. FreeCAD da OpenSCAD kyauta ne kuma suna aiki ba intanet, Tinkercad ya fi sauƙi ga mai farawa amma sai da data. Kowanne ka zaɓa, ma'auni ne gaba. Sayi ma'aunin baniya ko ka ara, ka auna abin da ke hannunka. Allon Arduino Uno na asali milimita 68.6 ne a 53.4, amma kwaikwayonsa da ke yawo a kasuwa wani lokaci bakin USB ɗinsu daban ne, tsayin kayan da ke kai ma daban. Kada ka auna allo kaɗai. Auna kan wayar da za a soka, da filin da take bukata ta lanƙwasa, da wurin da yatsa biyu za su shiga su zare ta. Daga nan ka yanka kwali ka haɗa akwatin da salatif, ka zuba komai a ciki har da wayoyi. Kwali kyauta ne, zare kuwa da kuɗin waje ake shigo da shi.

Wajen bugawa, kaurin bango milimita 2 zuwa 3 ya isa. Inda abu zai shiga cikin abu, bar rata ta milimita 0.2 zuwa 0.3 a kowane gefe, don roba takan ɗan kumbura, ramuka su fito a matse. Sukurun M3 yana son rami na 3.3 ko 3.4 in wucewa zai yi. Murfin da za a riƙa buɗewa kada a ɗaura sukurunsa a cikin roba tsiraranta, zaren zai cinye bayan 'yan buɗewa. A dasa ƙananan notin tagulla da ake nutsawa da ƙarfen dalma mai zafi, ko a zana gurbi mai kusurwa shida a saka noti na gama-gari. Ka tuna abin da aka buga ya fi rauni a tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, saboda haka kunnen da za a rataye akwatin da shi a kwance za a buga shi. Kafin ka buga duka, yanko ɓangaren da ke da ramuka kaɗai ka buga ka gwada.

Kada kuma ka zana akwati guda dunƙule wanda zai ci awa goma sha biyar a kan firinta. Kun san halin wutarmu. Ko firintar tana da dabarar ci gaba bayan ɗaukewar wuta, faranti yana hucewa aikin ya saki. Raba shi fale-fale, gindi daban, bango daban, fuska daban, kowanne awa biyu ko uku, a haɗa da sukuru. Mai sola ya buga da hantsi zuwa azahar. Ribar wannan tsarin ba ta tsaya nan ba: ranar da ka sauya allo ko ka ƙara maɓalli, fuska ɗaya za ka sake. Da damina kuma ka adana zare a rufaffen bokiti, don PETG yana shan laima, in ya sha sai ya riƙa tartsatsi yana fita da gashi-gashi.

Zan ƙara da abin da wataƙila ba ku zata daga mai ba da shawara a kan firinta ba. Ba komai ake bugawa ba. Garin nan cike yake da masu lanƙwasa kwano da suka gaji ƙera akwatin ƙarfe, ga masu walda a bakin titi, ga falankin ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa, ga akwatunan lantarki na kanti a Sabon Gari. Kai wa maƙeri kwalin da ka haɗa, ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Baba, irin wannan nake so, ga inda za a huda." Zai yi maka jikin da ya fi roba ƙarfi da jure wuta, sau da yawa a kuɗin da bai kai na zare ba, kuma in ka saurara zai nuna maka inda zanenka zai ba da wahala. Firinta ta yi abin da shi ba zai iya ba: ƙafafun allo, maƙalin matata, bututun da ke kai iska kan direbobi, fuska mai ramukan da suka dace da mahaɗanka. Ban ga abin kunya a injin da rabinsa aikin maƙera ne rabinsa aikin kwamfuta ba. Na fi ma ganin darajarsa.

In injin na sayarwa ne, ko za ka bar wa wani ya yi aiki da shi, to amana ka ɗauka. Wata rana kana makaranta ko ka tafi hidimar ƙasa zai tsaya, wani mai gyara da bai san ka ba zai buɗe shi. Sa masa sukuru iri ɗaya a ko'ina, irin da sukuddireban kowa ke kwancewa. Kada ka liƙe komai da gam. Rubuta sunan kowane mahaɗi a jikin fuskar tun a zane, harafin ya fito a jikin robar, da Hausa in mai injin Hausa yake karantawa. Zana yadda wayoyin suka tafi a takarda, ka rubuta girman fis, ka sa a leda ka manna a cikin murfi. Zanen da ya yi maka aiki kuma ka ba na bayanka, ka faɗa musu zaren da ka yi amfani da shi da irin zafin da ya jure.

Kafin ka ce ka gama, gwada shi a lokacin da ya fi tsanani. Rufe murfin, sa matatar, saka ma'aunin zafi a ciki kusa da direbobi, ka ba injin aiki mai nauyi daga azahar zuwa la'asar a cikin shagon da zai zauna. In gwajin ya faɗo da hunturu, ƙara bambancin zafin ranar da na Afrilu a kan abin da ka karanta. In iskar ciki ta fi ta waje da sama da digiri 10, faɗaɗa mafita ko ka sa babbar fanka, ka sake gwadawa. Bayan mako biyu ana aiki buɗe ka duba inda ƙura ta kwanta, nan ne tsagar da za ka toshe.